Abin da ajin yoga ya koya min a Indiya

Sanda naje Indiya karatun fisiyo, wato gashin ƙashi kamar yadda muke cewa a gida, ban taɓa kawowa zan zauna ajin yoga ba, sai gashi yana cikin kwas ɗinmu na motsa jiki. Gaskiya da farko raina bai kwanta ba, don abin da na sani kawai shine hotunan mutane sun naɗe ƙafa sun rufe ido, ni kuma musulmi ne, ina tsoron kar in faɗa cikin bautar da ba tawa ba ban sani ba.

Malamarmu wata dattijuwa ce, ranar farko ko tabarma bata bari mun shimfiɗa ba, tace sai mun san daga ina abin ya fito. Kalmar yoga daga Sanskirit take, wani tsohon harshen Indiya, tushenta yuj, ma'ana haɗawa ko ɗaurewa, kamar yadda ake ɗaura wa shanun huɗa karkiya. Littafin da aka fi komawa gare shi shine Yoga Sutra na wani malamin Indiya na dā mai suna Patanjali, gajerun jimloli ne ɗari da casa'in da wani abu, kuma ya kasa hanyar gida 8. Na farko da na biyu duk tarbiyya ce, kar ka cutar da kowa, kar kai ƙarya, kar kai sata, ka bar kwaɗayin tara abu, ka riƙe tsafta da wadatar zuci. Sai a na uku ake zuwa asana, wato tsayuwa da zaman jikin nan da duniya ta ɗauka shine yoga gaba ɗaya, bayansa numfashi, sannan janye hankali daga waje har zuwa abin da suke kira samadhi, wato nutsewar hankali gaba ɗaya a kan abu guda. Abin da ya ɗaure min kai, duk littafin jimla 3 kacal ce tayi magana kan asana, kuma abin da tace shine zama ya kasance da natsuwa da sauƙi. Shikenan fa.

Wannan maganar ce ta canza min yadda nake aiki wallahi. Ni da a tunanina motsa jiki in bai yi zafi ba to bai yi aiki ba, haka na ringa danna jikina ina son in taɓa ƙasa da tafin hannu cikin sati ɗaya har na jawo wa kaina ciwo a tsokar bayan cinya, malamar ta zo ta tsaya a kaina tace ɗana duk inda numfashinka ya fara sarƙewa to nan ne iyakarka ta yau, ka tsaya a nan. Ta miƙo min bulo na katako in dafa. Daga baya naji irin su bulo da ɗamara wani malamin yoga B.K.S. Iyengar ne ya yaɗa amfani dasu a garin Pune, shi kuma ɗalibin Krishnamacharya ne wanda ya koyar a garin Maisur tun shekarun 1930, kuma yawancin yogar da ake yi a jim, wato gidajen motsa jiki, yau ta wannan layin ta biyo.

Amfaninta a jiki kam na gani da idona. Tsokar baya da ta ciki suna ƙarfi, gaɓoɓi su saki, tsofaffi su fi iya tsayuwa ba tangaɗi. In ka ja numfashi a hankali ka kuma tsawaita fitar dashi bugun zuciya yana lafawa. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta saka yoga cikin abubuwan da ake fara gwadawa a ciwon ƙugu mai daɗewa kafin a kai ga ƙwaya. Amma ba maganin komai bace, mai hawan jinin ido ko ciwon wuya bama barinsa ya tsaya da ka, kuma ina jin takaici in naga ana cewa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa wai yoga ta isa.

Batun addini kuwa karatun falsafar ne ma ya warware min, don sai da na san asalin abu sannan na iya tantance shi. Akwai surya namaskar, gaisuwa ga rana, akwai rera om, wani sauti da suke tsarkakewa a addininsu, waɗannan nace ba zan yi ba kuma malamar bata ja dani ba, da ma ko a Malesiya majalisar fatawa ta hana musulmi yogar da ke haɗe da irin waɗannan a 2008. Na ɗauki miƙar jikin da numfashin, na bar musu aƙidar cikin mutuntawa.

Yanzu in majiyyaci mai ciwon baya ya kwanta a gabana, kafin in taɓa shi numfashinsa nake fara saurara, in naji ya riƙe shi sai in rage, ince baba a hankali, gobe ma rana ce, mu tsaya a nan.