Tafkin Yellowstone, inda sanyi da tafasa ke maƙwabtaka

Bayan sallar asuba muka baro garin Jackson a jihar Wyoming, ni da wani abokina da ya daɗe a Amurka. Watan Satumba ne. Ya ce, "Malam, ka riƙo rigar sanyi." Kuma ta yi mini rana.

Muka bi gindin duwatsun Teton, muka shiga gandun Yellowstone ta ƙofar kudu. Can sai ga tafkin ya bayyana tsakanin itatuwa, shuɗi shar, ido ba ya kai ƙarshensa. Yana kan tudun da ya haura mita 2,300, faɗinsa kuma kusan murabba'in kilomita 350. Ƙanƙara kan rufe shi tun daga hunturu har wajen ƙarshen Mayu, shi ya sa ko da rani ruwan ba ya ɗumi.

A West Thumb, wani gefen tafkin mai ramukan ruwan zafi, muka tsaya, nan ne zuciyata ta tsaya ma. Warin farar wuta ya tare mu tun daga wurin ajiye mota. An shimfiɗa hanyar katako, ba a yarda a sauka daga kanta ba, don ƙasar ɓawo ce kawai, ƙarƙashinta ruwa ne mai tafasa. Ni da na san Wikki a Yankari, ruwan ɗumin da yara ke iyo a ciki, sai na ga nan wani abu ne dabam: wannan ruwan kisa yake yi.

Na daɗe a bakin Abyss Pool, ɗaya daga cikin ramukan ruwan zafin. Zurfinsa ya kai mita 16, ruwan tsaf, kana hango bangon ramin yana gangarawa har ya ɓace cikin shuɗi kamar rijiyar marina. Tururi ya lulluɓe mini tabarau.

Sai Fishing Cone, ɗan tulluwa a cikin tafkin kansa, ruwan sanyi ya kewaye shi, bakinsa kuwa yana huci. A da masunta kan kama kifi su tsoma shi ciki, tun yana kan ƙugiya ya dahu. Yanzu an hana. Na ce subhanallah, na sake cewa.

Da azahar muka gangara gaɓa nesa da ramukan, na ɗebi ruwan tafkin don alwala. Kafin in kai ga wanke fuska yatsuna sun sandare. Na ɗaga kai, ga tururin West Thumb can ƙetaren ruwa yana ta tashi.