Shekara huɗu ina haƙa ƙasa a Guam kafin a fara kwaso sojoji daga Okinawa

Abin da ya fara koya mini hankali a Guam wata 'yar roba ce da ake sa wa tsakanin bakin bututu da bututu don kada ruwa ya ɗiga. Ni na yi lissafin kayan layin ruwan da aka ba kamfaninmu a aikin gina sabon barikin sojan Amurka, na ƙirga bututu da bawul da ƙusoshi, na manta robar manyan bututun. Ranar da aka buɗe kwantena shugaban masu haɗa bututu, wani dattijo ɗan Filifin, ya zazzage akwatunan kaf, ya dube ni ya ce, "Injiniya, da me za mu ɗaure?" Na ce a je gari a sayo. Dariya kawai ya yi. Babu mai wannan girman a tsibirin baki ɗaya, kuma takardar kwangila ta fayyace irin wadda za a sa, ba a yarda da makamanciyarta ba. Sai da muka yi mako biyar muna kallon rami a buɗe, ruwan sama yana cika shi muna zuƙewa.

A 2019 ke nan, shekarata ta farko. Guam yankin Amurka ne a yammacin tekun Pasifik, tsawonsa kusan kilomita 50, mutanensa sun ɗan haura 150,000. Daga nan zuwa Hawai kusan kilomita 6,000 ne. Rodi da injin da waya da kusan duk wani abin gini ta tashar jiragen ruwa ta Apra suke shigowa, tashar da kayan masarufin jama'a ma ta nan suke bi. Tun daga wannan rana na daina tambayar yaushe za mu gama. Abin da nake tambaya shi ne yaushe jirgi zai zo, kuma me ke cikinsa.

Asalin aikin ya girme ni a wurin. A 2006 Amurka da Japan suka amince a kwashe sojojin rundunar Marine kimanin 8,000 da iyalansu kimanin 9,000 daga tsibirin Okinawa na Japan zuwa Guam, saboda mutanen Okinawa sun daɗe suna kuka da yawan sansanonin Amurka a ƙasarsu. An sa 2014 a matsayin shekarar gamawa, an ƙiyasta kuɗin ya haura dala biliyan 10. Da aka zo nazarin muhalli sai lissafi ya nuna cewa a tsakiyar aikin mutanen tsibirin za su ƙaru da kusan 79,000, wato rabin waɗanda ke wurin. A 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce shirin bai gamsar ba, musamman ta fuskar ruwan sha da ruwan ƙazanta. A 2012 aka rage buri: sojoji kimanin 5,000 ne za su zo Guam, kuɗin ya koma dala biliyan 8.6, Japan ta ɗauki biliyan 2.8. A ganina wannan ragin shi ya ceci shirin. Waɗanda suka zana na farkon sun ƙirga gadajen sojoji, amma ba su ƙirga wa zai gina su ba, ina zai kwana, kuma wane ruwa zai sha.

Maganar ruwa ita ce ta fi cin raina, domin a kanta nake aiki. Arewacin Guam dutsen farar ƙasa ne mai ramuka kamar soso. Ba ka ganin kogi a can, domin ruwan sama yana sauka ya nutse nan take, ya taru a ƙarƙashi yana yawo a saman ruwan gishiri. Daga wannan taskar ake samun kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan shan tsibirin, kuma a kanta aka ɗora sabon barikin, a Finegayan da ke Dededo. In ka matsa wa rijiyar burtsatse da zuƙa, gishiri ya taso. In man katafila ya zube, ba inda zai tsaya sai cikin ruwan da mutane ke sha. Shi ya sa duk injin da ya tsaya sai an sa masa tire a ƙasa, kuma na taɓa ganin an tsayar da aikin yini guda saboda ɗigon mai da bai cika kofi ba. A lokacin na ga kamar an cika tsanani. Daga baya da na ga yadda ƙasar ke shanye ruwan tanka guda cikin 'yan mintoci, ban sake gunaguni ba.

Ramukan nan sun sha ba mu kunya. Wata rana muna zuba kankare a gindin wani ɗakin famfo, mota ta farko ta juye, ba mu ga komai ba. Ta biyu ta juye, shiru. Ashe akwai kogo a ƙarƙashi wanda gwajin ƙasa bai gano ba, domin an huda nan an huda can, shi kuwa yana tsakani. Aka fasa, aka kira masana ƙasa, aka sake zanen harsashin. Tun daga nan duk inda za mu kafa wani abu mai nauyi sai na nemi a ƙara huda, ko da maigidana zai ɓata rai kan kuɗin.

Haƙan ma ba yadda ka ga dama kake yi ba. A watan Yuli da Agusta na 1944 aka gwabza yaƙi tsakanin Amurka da Japan a kan tsibirin, kuma har yau ƙasar tana aman bama-bamai da harsasan da ba su fashe ba. Kafin bokitin katafila ya taɓa ƙasa sai masu na'urar gano ƙarfe sun bi wurin. A ɗebe kaɗan, su sake bi, a sake ɗiba. Yawanci tsohuwar ƙusa ce ko gwangwani, amma wa zai yi caca da ransa? Ramin da a wani wuri za a gama da hantsi, a nan sai ya kai kwana uku. Wanda ya zo da farashin kwangila bai sa wannan a lissafi ba, ya ga ta kansa.

Sai kuma abin da ban taɓa tunaninsa ba kafin in zo. Bayan mai neman bam akwai mai duba kayan tarihi, yana tsaye a bakin rami da 'yar cebur ɗinsa. Mutanen Chamoru, 'yan asalin Guam, sun yi dubban shekaru a tsibirin, kuma dajin da ake sharewa cike yake da alamunsu: fasassun tukwane, turmin dutse, har da kaburbura da aka yi ta tararwa a filin barikin. Ranar da muka tono wasu gutsattsarin tukwane aka zagaye wurin da igiya, aka ce mu matsa. Ina ta duba agogo ina tsaki. Direban tifarmu, ɗan asalin wurin ne kuma ya haife ni, ya sauko ya tsaya a bakin igiyar ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗana, kai kwana nawa ka rasa? Mu kusan sulusin tsibirin nan yana bayan waya." Yana nufin filayen da ke hannun soja. Ban sami abin cewa ba. Shi ma a aikin yake cin abinci, kuma danginsa da yawa sun yi aikin soja, amma bai ɓoye mini cewa filin koyon harbi da aka kafa kusa da Ritidian, a ƙarshen arewacin tsibirin, yana ci masa tuwo a ƙwarya ba. Da ma a Pagat, inda tsohon ƙauyen Chamoru yake, aka so kafa shi tun farko, jama'a suka tashi har da zuwa kotu, aka sauya wuri. Wannan kaɗai ya ci shekaru.

Ma'aikata kuma wani babi ne. Guam ba ta da isassun magina da kafintoci da masu walda, don haka yawancinsu daga Filifin ake kawo su da bizar aikin wucin gadi. Wajen 2016 aka riƙa hana bizar kusan gaba ɗaya, aiki ya ja baya, sai da majalisar dokokin Amurka ta yi wa ayyukan soja sassauci. Kafin ka gina wa soja ɗaki, sai ka fara gina wa mai ginin nasa, da kicin da motar kai shi da komo.

Akwai kuma macijin bishiya mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ya shigo a cikin kayan soja bayan yaƙin duniya na biyu ya cinye yawancin tsuntsayen dajin. Saboda shi duk kayan da za su bar tsibirin sai karnuka sun shinshina su. Daji ne kore shar, amma da asuba ba ka jin kukan tsuntsu, kuma na daɗe ban saba da wannan shirun ba.

Mun riƙa mita kan yawan rodin da ake sa mu zubawa. Bango kankare, rufi kankare, ƙofa kamar ta banki, ga gishirin teku yana cin duk ƙarfen da aka bari a fili. Amsar ta zo ranar 24 ga Mayun 2023, da guguwar Mawar ta ratsa ta arewacin tsibirin da iska mai gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Mun kwana biyu muna ɗaure kaya, muna sauke duk abin da zai iya tashi. Da gari ya waye bishiyoyi sun zama tsirara, kwantenar ofishinmu ta koma wani wuri a kife, yawancin tsibirin ba wuta ba ruwa. Gine-ginen kankaren nan kuwa suna tsaye. Abin da ya lalace mana shi ne wanda ba mu gama rufewa ba: ruwa ya shiga, tsatsa ta kama allunan lantarki, aka sake oda, aka sake jiran jirgi.

An buɗe sansanin a hukumance ranar 1 ga Oktoban 2020, aka sa masa sunan Birgediya Janar Vicente Blaz, Bachamoren farko da ya kai muƙamin janar a rundunar Marine. Amma suna ne ya riga mutane zuwa. Na bar Guam a ƙarshen 2023 ana ta gini. A Disamban 2024 na ji a labarai cewa an fara kwaso rukunin farko daga Okinawa, mutum kimanin 100 masu kula da kayan aiki, shekara 18 bayan yarjejeniyar. Na tura wa dattijon nan mai haɗa bututu saƙo na ce mutanenmu sun fara isowa. Ya mayar mini da hoton wata tsohuwar roba da ya rataye a jikin madubin motarsa, ɗaya daga cikin waɗanda muka yi mako biyar muna jira, ya rubuta a ƙasa: "Injiniya, har yanzu bai ɗiga ba."