Godiya bayan daren kallon taurari a hanyar Madarunfa

Assalamu alaikum. Muna miƙa godiya ga mai gari, Allah ya ja zamaninsa, da ya ba mu fili a bayan gari daren Asabar ɗin nan. Mun gode wa mai cajin waya da ya kashe janaretonsa tun bayan isha'i, ga ciniki yana kallo, da samarin da suka riƙa turo baburansu ba fitila. Iyayenmu mata da suka aiko da fura, Allah ya saka da alheri.

Duhun da kuka ba mu shi ne rabin aikin. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya guda kuma ya isa ya mayar da mutum farko. Shi ya sa muka zaɓi 28 ga wata, ba farin wata, muka kuma jira ruwan farko ya wanke ƙurar sama. Lokacin hazo wahalar banza ce.

Na'urar hangen nesan da muka kawo irin ta Dobson ce, wato babban bututu mai madubi a gindi da ake juyawa da hannu, faɗin madubinta milimita 200, tana tara haske kusan sau 800 fiye da ƙwayar ido. Gargadar hanya ta gotar da madubin, sai da aka daidaita shi da kusoshi ukun da ke gindinsa. Ga shi ya sha zafi a bayan mota, taurari sai rawa suke, dole aka bar shi awa guda ya huce.

Mun fara da gilashin leƙawa na na'urar, na milimita 25, mai ƙara girma sau 48. Daga tauraron Denebola aka bi a hankali zuwa Vindemiatrix; a tsakiyarsu M84 da M86 suke, kamar ɗigon toka biyu a baƙin zane. Kowane ɗigo galaksi ne, tarin biliyoyin taurari. Kusa da su ga M87, wadda haskenta ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 55 kafin ya iso idon dattijon da ya leƙa ya ce "Allahu akbar". Maraɗi na kan digiri 13 da rabi arewa, don haka M87 kan bi ta tsakar kanmu, inda Dobson ke wuyar juyawa. Sai da ta ɗan karkata yamma muka kama ta da kyau.

Masu cewa ba su ga komai ba, ba laifin idonku ba ne. Kada a zuba wa abin ido kai tsaye. A kalli gefensa kaɗan, don gefen ido ya fi jin haske mai rauni, a ɗan taɓa bututun ya motsa, a yafa mayafi a kai. Da wannan dabarar, da gilashin milimita 10, mutum biyu suka tabbatar sun ga 3C 273, wato cibiyar wani galaksi mai tsananin haske, ɗan ɗigo kamar kan allura, mai nisan tafiyar haske sama da shekara biliyan 2.

In Allah ya kai mu ƙarshen wata mai zuwa za mu dawo, idan hadari ya bari. Mai zuwa da tocila ya ɗaure bakinta da jar leda ninki biyu.