Farin gashi da jan ido ba su ne asalin zomo ba

Mai sayar da zomo zai ɗago maka wani fari tas ta kunnuwa, yana ta wutsil-wutsil, ya ce, "Alhaji, dubi idon nan, ja wur. Wannan ɗan waje ne, Niyuzilan ne tsantsa." Kuskure biyu ke nan a wuri ɗaya. Ba a ɗaga zomo ta kunne. Fatar ƙeya ake kamawa da hannu ɗaya, a tallabe ƙugunsa da ɗayan, don in ya yi harbi da ƙafafun baya yana reto, ƙashin bayansa na iya karyewa. Sannan farin gashi da jan ido zabiyanci ne kawai. Duk zabiya biyu da ka haɗa, ko daga wane tsatso suka fito, farare masu jan ido za su haifa maka. Launi bai faɗa maka komai ba game da yawan haihuwa, ko nonon uwa, ko nauyin da ɗa zai kai a wata 3.

Asalin zomo a rubuce yake. Ƙungiyar masu kiwon zomo ta Amurka, ARBA, ba ta yi wa zomo rajista sai an kawo takardar da ta nuna uwa da uba, kakanni 4, da iyayen kakanni 8, wato magabata 14, kowanne da lambar kunnensa da nauyinsa da launinsa. Mutumin Maradi bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Mun san yadda jar akuyarmu ke rasa kamanninta da zarar an bar kowane bunsuru ya shiga garke. Zomo ma haka ne, sai dai shi cikin shekara guda zai iya dagula maka jinin gida gaba ɗaya, saboda saurin haihuwarsa.

Saboda haka kafin keji, a sayi littafi da sikeli mai auna giram. Kowace zomanya a ba ta shafi biyu: lambarta, ranar haihuwarta, iyayenta, ranar da aka kai ta ga namiji da lambar namijin, ranar da ta haihu, nawa ta haifa da rai, nawa matattu, nawa suka kai yaye, da nauyinsu ranar yaye. Wannan aiki ya fi dacewa da yaron gida da ya iya rubutu, kuma ta nan ne kiwon ke zama na iyali: uba na kula da haɗi, uwa na lura da abinci, yara na awo da rubutu. Ita zomanya shekara 2 zuwa 3 take yi tana haihuwa mai kyau, amma littafin yana nan har jikoki su karɓa.

Lamba kuwa a cikin kunne ake zana ta lokacin yaye, da wani matsi mai haƙoran allura, a goga tawada a ramukan, a kauce wa manyan jijiyoyin jini. A Amurka kunnen hagu na mai kiwo ne, na dama na rajista. A Ingila zobe suke sa wa a ƙafar baya. Wanda bai da matsin zai iya amfani da alƙalami mai tawadar da ba ta goguwa, amma sai ya riƙa sabuntawa duk mako.

Wane iri za a riƙe? Niyuzilan fari, wanda duk da sunansa a Amurka aka samar da shi, namijinsa na kai kilo 4 zuwa 5, mace kilo 4.5 zuwa kusan 5.5. Kalifoniya ya ɗan fi shi ƙanƙanta. Jikinsa fari ne, amma hanci, kunnuwa, ƙafafu da wutsiya baƙaƙe. Akwai abin da ke rikita mutane a kansa a nan: baƙin nan sanyi ne ke fito da shi. Da hunturu sai ya yi wuluk, da bazara ya koɗe ya koma toka-toka, har mai shi ya ɗauka an yi masa musanya ko jinin ya gurɓata. Ba komai, zafi ne. Akwai kuma Fauve de Bourgogne na Faransa mai launin jan ƙasa, da ƙaton nan Géant des Flandres na Beljiyam da ke wuce kilo 6. Shi wannan ƙaton yana burge ido, amma ba na ba mai farawa shawarar sayensa a garin nan. Ci gare shi, ba ya isa haɗi sai ya yi wata 8 ko 9, nauyinsa na jawo masa gyambon dunduniya a kan raga, kuma shi ne na farko da zafi ke kayarwa. A zaɓi iri ɗaya matsakaici a tsaya a kansa. (Masu cewa za su haɗa da zomon daji don ƙarin ƙwari su huta. Halitta daban ce, ba sa haihuwa da juna. Shi na daji da gashinsa ake haifarsa, ido buɗe.)

Zafin nan dai shi ne babbar magana, kuma littattafan Turai ba za su tsara maka shekararka ba. Zomo ba ya gumi. Ta kunnuwa da numfashi yake fitar da zafin jiki, kuma ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 21. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu sai mu wuce 40. In namiji ya yi kwanaki a jere cikin zafin da ya haura digiri 30, maniyyinsa na lalacewa. Zai hau mace, ya faɗi gefe kamar yadda ya saba, amma babu ciki, kuma sai ya yi wata 2 ko fiye bayan gari ya yi sanyi kafin ya dawo daidai. Da yawa kan sayar da namiji mai kyau a farkon damina suna cewa ya mutu a tsaye, alhali da sun jira zuwa Agusta da sun ga aikinsa. Mai ciki kuwa da bazara ko ta yi ɓari, ko ta mutu a kan gwiwa.

Tsarin da ya dace da Maradi shi ne a fara haɗi a Oktoba, a ci gaba har farkon Fabrairu, don haihuwar ƙarshe ta faɗo a farkon Maris. Daga nan a rufe. Haihuwa 3 ko 4 a shekara da ƴaƴa masu rai ta fi 6 da ake kwashewa ana zubarwa a juji.

Ko an rufe haɗin, sai an yi wa bazara shiri. Kejin ya zauna ƙarƙashin inuwar bedi ko rumfar zana mai tsayi. In rufin kwano ne, a shimfiɗa masa karan gero a sama, a bar tazara tsakaninsa da kan kejin. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta inda iska ke shigowa, a sa gorar ƙanƙara ko jiƙaƙƙen fashen randa a ciki ya jingina. In ka ga ya miƙe warwas, ya ɗaga kai sama, hanci ya jiƙe, yana haki, kada ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Shafa masa ruwan randa a kunnuwa, ka kai shi ɗaki mai sanyi.

Keji na matsakaicin zomo: tsawo santimita 90, faɗi 60, tsayi 45 zuwa 50, a ɗaga shi kamar santimita 80 daga ƙasa. Ramukan ragar ƙasa su zama kusan santimita 1.25 da 2.5. In sun fi haka ƙafar jariri na maƙalewa ta karye, in ba su kai ba kashi ba ya zuba. A ajiye ɗan katako a kusurwa don hutun dunduniya. Ƙafafun kejin a tsoma su cikin gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa, wadda ke iya cinye jarirai a dare ɗaya. Gafiya da mussa kuwa, ƙofa mai sakata ce maganinsu. Kowane babban zomo da ɗakinsa, kuma a raba maza da mata kafin su cika wata 3. In ba haka ba ɗan'uwa zai hau ƴar'uwarsa, littafinka ya koma ƙarya.

Mace tana isa haɗi a wata 5 zuwa 6. Ita ake ɗauka a kai wa namiji, da sassafe ko bayan magariba. In aka kai mata shi ɗakinta, faɗa za ta yi masa, har ta ji masa ciwo. A tsaya a gani da ido: in ya hau ya yi ƙara ya faɗi gefe, an dace. A bar shi ya maimaita sau ɗaya, a mayar da ita, a rubuta nan take. Namiji ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10, amma mai son tsare jini ya riƙe maza 2 da ba su haɗa uwa ko uba ba. A kwana na 12 zuwa 14 ana iya lalubar ciki a hankali da babban yatsa da manuni. Za a ji ƴan dunƙule-dunƙule masu sulɓi. Wanda hannunsa bai saba ba ya bari, matsi na kashe su.

Ciki kwana 31 ne, ya ɗan ragu ko ya ɗan ƙaru. Ranar 28 a sa akwatin haihuwa mai santimita 45 da 30 da 30, da busasshiyar ciyawa mai laushi. In an sa da wuri, masai za ta mayar da shi. Ita za ta tsige gashin cikinta ta yi shimfiɗa. Ruwa ya kasance a gabanta daren haihuwa, don ƙishirwa na cikin abubuwan da ke sa uwa ta cinye ƴaƴanta. Washegari a ƙirga, a cire matattu. Sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, minti kaɗan, don haka kada a ce ta ƙi su don ba a gan ta a akwati ba. Cikinsu za a duba: in ya yi tim, sun sha; in fata ta yamutse, da matsala. Yawanci nono 8 gare ta. In ta haifi 11, a mayar da 3 ga wata da ta haihu a kwanakin nan, cikin kwana 3 na farko, amma a yi musu alama a kunne kafin a cakuɗa su. Da sanyin Disamba da Janairu, jaririn da ya biyo nono ya faɗo waje ba ya kai safe, kuma uwa ba ta mayar da shi kamar yadda mussa ke yi. Suna buɗe ido a kwana 10 zuwa 12, a yaye su a mako 5 zuwa 6.

Ga haɗin abinci na kilo 10 da kayan da ke kasuwarmu: dusa kilo 4, niƙaƙƙiyar masara ko dawa kilo 2, busasshiyar tunkuza kilo 1.5, dakakkiyar harawar wake ko ta gyaɗa kilo 2.3, garin ƙashi giram 150, gishiri giram 50. Da sikeli za a auna, kada a bi tiya, don tiyar dusa da ta masara ba nauyinsu ɗaya ba. Babba na cin giram 120 zuwa 150 a rana, mai shayarwa ninki biyu ko fiye. Harawa kada ta yanke a keji, ita ke tafiyar da hanji, ita ke goge haƙora. Ɗanyen ganye, na zogale ko na dankalin Hausa, a bar shi ya yi yaushi a inuwa tukuna. Tumfafiya da zurma da zaƙami guba ne. Tunkuzar da ta yi fumfuna a zubar, dafin da ke cikinta na lalata hantar zomo.

Gudawa bayan yaye, musamman da damina, yawanci koksidiya ce, wata cutar hanji, kuma danshi da kashi a mazubin abinci ke yaɗa ta. Likitan dabbobi zai ba da maganin da ake sawa a ruwa, irin su sulfadimidin. Ɓawon da ke cika kunne ƙwari ne, allurar ibamektin ke kashe su, a maimaita bayan kwana 14, kada a ɓamɓare. Abin da ya fi kashe zomaye a hannun masu su shi ne kafso na masu tallar magani a faranti. Amoksisilin da ampisilin da danginsu, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin da hanjinsa ke aiki da su, bayan ƴan kwanaki ya mutu da gudawa.

Nuni kuwa ba sai an jira babban taro ba. Masu kiwo 5 ko 6 na iya haɗuwa a Janairu, lokacin da gashi ya cika, baƙin Kalifoniya ya fito sosai. A shimfiɗa buhu a kan tebur don kada zomo ya zame, a ɗauko wanda ba shi da dabba a gasar ya yi alƙalanci. Zai fara da sikeli. Sai ya kifa zomon ya ɗaga leɓe: haƙoran sama su rufe na ƙasa. In na ƙasa ne a gaba, ya fita, kuma kada a sake haɗa shi, gado ne. Ya duba hanci da cikin ƙafafun gaba, don mai majina da su yake sharewa, gashin wurin ya dunƙule. Ya duba kunne, ido, farata, dunduniya, miƙewar wutsiya. Daga nan ya zaunar da shi, ƙafafun gaba daidai ƙarƙashin ido, na baya daidai ƙugu, ya bi bayansa da tafin hannu. Ana son nama ya cika tun daga kafaɗa, ya yi tudu a kan ƙugu, hannu ya sauka bai ci karo da ƙashi ba. A ƙarshe ya shafa gashin daga wutsiya zuwa kai ya saki; na Niyuzilan mai kyau nan take yake komawa ya kwanta.

Kowa ya zo da mazubin ruwansa, kuma alƙali ya wanke hannu tsakanin zomayen wani gida da na wani. Akwai cutar zubar jini ta zomaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2020, mai kashe zomo farat ɗaya, wani lokaci da ɗan jini a hanci, kuma tana bin takalmi da buhu da keji. Duk zomon da ya je nuni, da wanda aka sayo ko aka aro don haɗi, a ware shi a wani gefen gida na tsawon wata guda, kuma shi za a riƙa ba abinci a ƙarshe, bayan an gama da sauran.