Talata, Baba ya sake raguwa

Yau ranar kemon Baba ce, wato ƙarin ruwan maganin kansar da ke jikinsa, muna idar da sallar asuba muka fita don mu kama layi. Kafin a ga likita sai an hau sikeli, ni kuma wallahi yanzu sikelin nan ya fi allurar tayar min da hankali. Sista ta duba ta rubuta kilo 61, ta ɗago ta kalle ni ba ta ce uffan ba. Wancan zuwan 63 ne, wata 6 baya kuwa kafin a gano kansar a tumbinsa 68 yake. Agogonsa har zamowa yake bayan hannu, tazugen wando ma sai da Hajiya ta ƙara masa ƙulli.

Likitan yau mai haƙurin bayani ne, Allah ya saka masa. Ya ce "Baba sannu, ya cin abinci?" Baba ya ce "Alhamdulillahi likita, ana taɓawa", ni dai na san taɓawar nan loma uku ce. Sai ya juyo gare ni ya ce duk mai kansa da ya zubar da sama da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6, to ramar ciwon ce ta kama shi, Baba kuwa ya haura kashi 10. Kuma wai ba kitse kaɗai ke tafiya ba har da tsoka, ciwon ne ke sa jiki fitar da sinadarai masu kashe sha'awar abinci suna zaizaye nama, shi ya sa ɗura ba ta mayar da shi yadda yake. Shi kansa maganin da tsayi da nauyi ake lissafa shi, sai da suka sake lissafi suka ɗan rage sannan aka ɗaura masa.

Ruwan na shiga yana gyangyaɗi ni kuma ina ta latse-latsen waya, na ci karo da binciken asibitin Royal Marsden na Landan na 1998, mutum 1,555 masu kansar maƙoshi da tumbi da hanji da makamantansu. Waɗanda suka zo a rame sun fi shan wahalar magani, baki ya yi gyambo tafin hannu da ƙafa su yi ja, sai a rage musu ko a dakatar, ƙarshe maganin da ya shiga jikinsu bai kai na sauran ba kuma ba su kai su daɗewa ba. Na kashe wayar kawai.

Mai kula da abinci ta ce a daina cika masa kwano, kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu, kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai, awara, alale, farfesun kifi, kar ya cika ciki da ruwa kafin ya ci. Furotin, sinadarin gina jiki, aƙalla giram 1 kan kowane kilo na jikinsa a rana, ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne kacal, to aiki ja. Nonon talla a bar shi tunda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa. In kuma muka ga nauyi ya hau farat ɗaya ƙafa ta kumbura kar mu yi murna, ruwa ne, mu dawo.

Muna isowa gida muka tarar da Gwaggo da malmalar tuwo biyu da wani jiƙo a jarka, tana "Yaya daure ka cinye, rashin ci ne ke kayar da kai". Gaskiya matsin nan ba ya ƙara masa komai sai ɓacin rai, mutumin da warin miya ma ke tayar masa da zuciya. Na ce "Gwaggo ki yi haƙuri, likita ya hana haɗa magani", ta ce mu 'yan boko mun fi kowa sani. Bayan isha ya sha rabin kofin kunu da ƙwai ɗaya bai yi amai ba. Jarkar tana bayan firij na ɓoye, gobe Hajiya ta san yadda za ta yi da ƙanwar mijinta, ni zan kira Yaya Babba kan kuɗin madara.