Buri ba ya samun fifiko sai an ajiye wani dominsa

Ƙannena, ban yi ƙuruciyata cikin lalaci ba, kuma wannan ne ya sa na daɗe ban gane inda matsalata take ba. Kullum ina cikin hidima: ina son ƙaro karatu, ina son koyon sana'a, ina son tara jari, ina son koyon wani harshe, sannan ina son a riƙa nemana a duk ƙungiyar da na shiga. Babu ɗaya cikinsu da mai hankali zai kushe, amma da shekaru suka ja na waiwaya, sai na tarar da tarin ayyukan da na faro, waɗanda na kammala kuwa ba su taka kara sun karya ba. Kowanne na ba shi matsayi na farko, alhali wanda ya ce abubuwa biyar duk su ne a gaba a wurinsa bai zaɓi ko ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa cika baki na yi da su.

Abin da ya hana ni ragewa shi ne na ɗauki ajiye buri a matsayin gazawa. Na ƙi yarda cewa lokacin da na ba wannan, daga wancan na ɗebo shi, domin sa'o'in yini ba sa ƙaruwa saboda yawan niyyar mutum. Daga baya kuma na fahimci cewa wasu daga cikin burace-buracen ma ba nawa ba ne. Na ga sa'o'ina suna yi, na ji ana yaba musu, sai na ara na yafa ba tare da na tambayi kaina ko zan jure wahalar da ke tattare da abin ba. Ina ba ku shawara ku auna kowane buri da wahalarsa ta yau da kullum, wato zaman karatun, da maimaita aiki guda har ya zauna a hannu, da haƙurin shekarun da babu wanda ya san kuna yi. Idan sakamakon kawai kuke sha'awa amma kuna ƙin hanyar, to da wuya wannan burin ya kasance naku.

Kuskurena na biyu ya fi na farko cin lokaci, shi ne barin abin gaggawa ya riƙa tsara mini yinina. Dwight Eisenhower, wanda ya shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961, ya ambata a wani jawabinsa na 1954 maganar wani tsohon shugaban kwaleji cewa matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da masu muhimmanci, kuma na gaggawa ba su da muhimmanci, masu muhimmanci kuwa ba sa zuwa da gaggawa. A ganina akwai zuguguntawa a maganar, domin rashin lafiyar yaro cikin dare ya haɗa duka biyun, amma ta taɓo gaskiya. Kiran waya da saƙonni da buƙatun mutane suna zuwa da hayaniya, kuma idan aka biya su akan ji daɗin cewa an yi aiki. Karatu da kula da lafiya da tanadi kuwa ba sa kiran kowa, idan an ɗage su yau babu abin da zai faru gobe, sai bayan shekaru lissafin ya fito. Maganin da na samu a makare shi ne ware wa babban burina lokacin da hankalina ya fi natsuwa, kafin in buɗe ƙofa ga buƙatun wasu.

Ko bayan na rage, na ci gaba da faɗin burina a dunƙule, irin su “zan ƙara ƙoƙari” ko “zan gyara rayuwata”. Binciken masanin halayyar ɗan Adam Edwin Locke, wanda ya faro tun shekarun 1960, daga baya kuma ya ci gaba tare da abokin bincikensa Gary Latham, ya nuna cewa manufa takamaimai mai ɗan wuya ta fi sa mutum ƙwazo a kan a ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ku faɗi abin da za ku yi, da yawansa, da ranar da za ku duba. Sai dai ku yi hattara da wa'adi, domin masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa mutane kan raina tsawon lokacin da aiki zai ɗauke su. Ku kafa wa'adinku a kan abin da irin wannan aikin ya taɓa ɗaukarku a baya.

Idan burace-burace biyu suka yi kunnen doki a zuciyarku, ku duba wanda lokacinsa ke wucewa. Akwai abin da za a iya yi a shekara hamsin kamar yadda za a yi shi a ashirin da biyar, akwai kuma wanda ya dogara da ƙarfin jiki, ko da ƙarancin nauyin iyali, ko da kasancewar iyaye a raye. Ni na gabatar da tara abin duniya, wanda zai iya jira, na jinkirta karatu mai zurfi har ɗawainiya ta yi mini yawa, na dawo ina yin sa da ninkin wahala. Waɗanda kuka ajiye kuwa ku rubuta su a wuri guda, ku riƙa duba su sau ɗaya a shekara, domin wasu za su hau gaba idan yanayinku ya sauya, wasu kuma za ku ga sha'awarsu ta fita daga ranku, sai ku soke su.