Kafin ka zuba iri a kududdufi

Wani yaro da ya fara kiwon jatan lande ya nuna mini irin da ya sayo, yana murnar ya samu da araha, babu gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar cuta a jikin irin. Na ce masa, "Ɗana, in cutar farin ɗigo ta shigo fa?" Sai ya nuna mini buhun antibayotik. Raina ya ɓaci, don ni ma da buhun nan na taɓa dogara.

A lokacina, jatan landen suka daina ci, suka yi ta taruwa a gefen kududdufi, jiki ya yi jaja-jaja, ga fararen ɗigo a ɓawon kai. Na yi ta cuɗa magani a abinci, ina ƙarawa kullum. To, wa zai gaya mini? A 1992 cutar ta ɓulla a Taiwan, su kansu masu binciken sai a 2006 wasu a Tailan suka gano cewa furotin VP28 na fatar ƙwayar cutar yana kama wani furotin mai suna Rab7 na jikin jatan lande. Ni da ba dakta ba, ina zan sani? Sai dai kuma, gaskiya, an ce in jira sakamakon gwaji, na ƙi. Kwaɗayin in riga kowa girbi ne ya ci ni.

Abin da ban gane ba shi ne yadda ƙwayar cutar take shiga. Furotin na fatarta yana dacewa da wasu furotin da ke jikin ƙwayar halittar dabbar, irin su intagirin, kamar makulli da kwaɗo. Da sun haɗu, ƙwayar halittar da kanta take haɗiye ta, ita kuma ƙwayar cutar ta shige cibiyar ƙwayar halittar ta yi ta hayayyafa da kayan aikin mai gida. Antibayotik bakteriya yake kashewa, wannan kuwa bairos ce, ba shi da abin kamawa a nan. Jatan lande kuma ba ya ƙera garkuwar da ke tuna cuta irin tamu, don haka manta da allurar rigakafi irin ta mutane. Cikin kwana 3 zuwa 10 kududdufi na iya ƙarewa kakaf, masu rai na cin matattu, cutar na ƙara yaɗuwa.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu, waya a hannu, wa zai tsaya karantawa? Kada ku sayi irin da ba a gwada ba. Takardar gwajin ma kada ku sakankance da ita, ƙaguwa ɗaya da ta rarrafo cikin dare ta isa ta kawo cutar. Ku tace ruwa, ku kange ƙaguwa da tsuntsaye, ku kwashe matattu da sassafe. In ɗigon ya bayyana, ku girbe masu girman nan take, ku zuba kulorin a ruwan kafin ku sake shi, don maƙwabcinku ma kiwo yake yi.